Zuciyar ɗan dambe a zamanin waya

A da dambe wasan kaka ne. In an gama girbi, rundawa su ɗauki zare su bi gari-gari da makaɗansu. Abin da ake nema a wurin ɗan dambe bai wuce zuciya ba: ya ji kirari, tsigar jikinsa ta tashi, ya faɗa fili ko da abokin karawarsa ya fi shi ƙira. Irin wannan zuciyar ce makaɗi Ɗan Anace ya waƙe a wurin ɗan dambe Shago.

Yau ba a jiran kaka. A Kano da Dei-Dei ta Abuja da sauran gidajen dambe, ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramada na neman juna rani da damina. Ana sa gasar babur ko ta mota, tashar Dambe Warriors ta YouTube ta kai wasan ƙasashen waje, kowane ɗan kallo kuma da waya a hannu. Da dambe ya zama sana'a, halin da ke kai mutum ga nasara ma ya sauya.

Wanda zai ɗaura zare duk shekara sai ya iya kame kansa: ya kula da barci da abinci, ya yi atisaye ba wanda ya sa shi, ya iya cewa a'a in hannunsa bai warke ba, ko da kiɗa na zuga shi. A cikin turmi ma mai natsuwa ke daɗewa, wanda ke riƙe garkuwarsa yana lura da ƙafar abokin karawa har ya ga kafa. Masu wannan hali sun amfana. Wasunsu sun yi gidaje, suna riƙe da iyali da abin da dambe ya ba su.

Amma abin da ya fi damuna shi ne nauyin kisa, wato a kai ɗan dambe ƙasa. Da, in aka kashe ka a wani ƙauye, labarin kan tsufa kafin wata kaka. Yanzu kafin ka karkaɗe ƙasar jikinka bidiyon ya isa unguwarku, kuma ba ya gogewa. Saurayin da bai iya haɗiye wannan kunyar ba, sai ka ga ya fara zaɓen wanda zai kara da shi, yana kauce wa manya don kare suna, dambensa ya tsaya cak. Wani kuma ya koma wa ƙwaya don ta ara masa zuciya. Haramta maganin tari mai kodin da gwamnatin Najeriya ta yi a 2018 bai raba matasa da tiramol da wiwi ba, kuma filin dambe bai tsira ba. Ƙwaya takan kawar da tsoro, ta tafi da lissafi tare, a bar yaro yana kai duka ba kariya.

Wasu masu shirya gasa sun fara auna nauyi da kawo likita bakin fili, wannan kuwa abin yabo ne. Sai dai likitan, jiki kawai yake dubawa. Ubangida yakan koya wa yaro ɗaurin hannu, ya nema masa laya da guru, amma da wuya ka ga wanda zai zauna da shi daren da aka kashe shi, su sake kallon bidiyon tare, ya nuna masa inda garkuwarsa ta sauka, sannan ya zaɓa masa wanda zai kara da shi a gaba.