Layin Dogon Huni Valley Zuwa Kade: Yadda Muke Tono Tarihinsa Don Yin Samfurinsa

Idan aka yi maganar jirgin ƙasa a ƙasar nan tamu ta Gana, galibin mutane layi biyu suke tunawa, wato na Sekondi zuwa Kumasi da na Akra zuwa Kumasi. Amma akwai na uku wanda ya ratsa tsakiyar kurmi, ya tashi daga Huni Valley ya bi ta Ateiku da Twifo Praso da Assin Fosu da Achiasi da Akim Oda, ya tuƙe a Kade. An yi shekaru rabon da jirgi ya bi ta kansa. A wurare da yawa ciyawa ta rufe shi ruf, a wasu wuraren kuma an yi gonaki da shaguna a kan hanyar. Wannan layi ne mu da ɗalibanmu muka ƙudura niyyar yin ƙaramin samfurinsa a kan tebur, da tasharsa da taragunsa da mutanensa, kamar yadda yake a zamanin jirgi mai tururi.

Wani zai ce ai wannan wasan yara ne, motar gwangwani ce aka ƙara wa gishiri. To, akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin yaron zango da ya iya yanka gwangwanin madara ya fitar da mota har da tayoyi ya riga ya iya rabin aikin. Bambancin shi ne samfur ba ya karɓar "ina jin haka ne". Kafin mutum ya yanka kwali sai ya san taga nawa ne a ginin tashar, ta wane gefe tankin ruwa yake, da irin kayan da ake lodawa. Kowace tambaya sai ta tura mutum wajen takarda ko wajen dattijo, kuma ta haka tarihin yake fitowa.

Bari mu fara da abin da takardu suka tabbatar. Turawan Ingila sun soma shimfiɗa dogo daga Sekondi a 1898 saboda zinariya. Ya isa Tarkwa a 1901, Obuasi a 1902, sannan Kumasi a 1903. Layin gabas da ya taso daga Akra bai haɗu da Kumasi ba sai 1923. A cikin wannan shekara aka fara aikin layin tsakiya, a zamanin Gwamna Guggisberg, aka gama shi a 1927, tsawonsa kusan mil 100. Nufin gwamnati shi ne ta kwaso koko da katako daga wannan yanki zuwa sabuwar tashar jiragen ruwa ta Takoradi, wadda aka buɗe a 1928. Ga kuma lu'ulu'u da aka gano a kwarin kogin Birim a 1919, wanda ya sa Akwatia, maƙwabciyar Kade, ta cika da baƙi masu neman aiki. Sai dai layin ya zo a daidai lokacin da manyan motoci suka fara yawa, kuma manomin koko na ƙasar Assin ya ga ya fi masa sauƙi ya ɗora kayansa a mota zuwa Cape Coast ko Saltpond. A shekarun 1930 har doka gwamnati ta yi don taƙaita ɗaukar kaya a mota a wasu hanyoyi, duk don a kare reluwe. A 1956 aka haɗa Achiasi da Kotoku, ya zamana jirgi zai iya tashi daga Takoradi ya isa Akra ba sai ya zagaya ta Kumasi ba.

Wannan shekara ta 1956 ita ta tilasta mana yanke shawarar farko. Mai samfur dole ya zaɓi wuri ɗaya da lokaci ɗaya. Mun zaɓi Achiasi, domin mahaɗa ce, kuma mahaɗa ta fi tasha zalla abin kallo. Amma da mun ce Achiasi ta 1935 muke so, da babu mahaɗar sam. Saboda haka muka tsaya a kan ƙarshen 1957. Daga nan sauran abubuwa suka biyo baya da kansu. Tutar da za ta tashi a tashar ta Gana ce, tunda an sami mulkin kai ran 6 ga Maris na wannan shekara. Kuɗin tikiti fam ne da sule da kwabo, domin sidi bai zo ba sai 1965. Motar fasinja da za mu ajiye a bakin mararraba kuwa dole ta tsaya a hannun hagu, saboda sai a watan Agusta na 1974 ƙasar nan ta koma tuƙi a hannun dama. Kan jirgi mai tururi shi ne sarki, ko da yake masu amfani da man dizal sun riga sun fara shigowa tun tsakiyar shekarun 1950.

Sai maganar awo, wadda a nan malamin lissafi yake samun abin da yake so. Faɗin tsohon dogon ƙasar nan ƙafa 3 ne da inci 6, wato milimita 1067, daidai da na Nijeriya da Afirka ta Kudu. Ƙananan jiragen wasa da ake kawowa daga Turai kuwa, irin waɗanda akan tsinta a kasuwar gwanjo, yawancinsu faɗin dogonsu milimita 16.5 ne, kuma an yi su ne a matsayin kashi ɗaya cikin 87 na babban dogo mai milimita 1435. Idan mutum ya ɗauke su yadda suke ya ce ga jirgin Kade, ya yi wa tarihi ƙarya, domin mai faɗin 1435 sabon abu ne a nan, irin na layin Tema zuwa Mpakadan da aka ƙaddamar a 2024. Mafita ita ce a raba 1067 da 64. Amsar ta haura 16 da rabi da ɗan kaɗan. Ke nan idan aka gina komai a kan kashi ɗaya cikin 64, dogon gwanjon nan ya dace da namu. Masu wannan sha'awa a Ostireliya da Niyu Zilan, waɗanda ke da irin faɗin dogonmu, sun daɗe suna amfani da wannan dabara. A wannan ma'auni mutum mai matsakaicin tsawo bai wuce milimita 27 ba, mil guda kuma mita 25 ne. Duk layin zai ci kilomita biyu da rabi. Mu kuwa tebur biyu muke da su, don haka tasha ɗaya ma sai mun matse ta.

Ina ake samun bayani? Wuri na farko shi ne hukumar adana takardun gwamnati, PRAAD, wadda ke da babban ofishi a Akra da rassa a Sekondi da Cape Coast da Kumasi. Abin da za a nema shi ne rahoton shekara-shekara na hukumar reluwe, wanda ke nuna yawan kaya da fasinjoji, sai jadawalin tafiyar jirage, sai kuma tsofaffin taswirorin sashen safiyo. Shi kansa Guggisberg ma'aikacin safiyo ne kafin ya zama gwamna, kuma taswirorin zamanin suna da kyau ƙwarai. Jadawali ya fi komai amfani a ganinmu. Layin guda ɗaya ne, jirgi biyu ba sa wuce juna sai a tashar da aka yi wa dogon ratse, saboda haka duk inda jadawali ya nuna jirgin gabas da na yamma sun tsaya lokaci ɗaya, to a nan akwai ratse, ko da yau ba a ga alamarsa ba. Game da kawunan jirage kuwa, kamfanonin Ingila ne suka ƙera su, irin su Vulcan Foundry da Beyer Peacock, kuma takardun shi Beyer Peacock suna ajiye a gidan tarihin kimiyya da masana'antu na birnin Mancesta. Hotunan ƙasar nan da 'yan mishan na Basel suka ɗauka ana iya dubansu ta intanet, kuma ko ba a sami tashar da ake nema ba, a ga irin tufafin mutane da rufin gidaje. Wani abin da zai ba matasa mamaki shi ne daga Nijeriya ake sayo kwal ɗin da jiragen ke ci, daga Inugu, a biyo da shi ta ruwa daga Fatakwal.

Bayan takarda sai ƙafa. Hoton tauraron ɗan'adam yana nuna hanyar dogon kamar zare a cikin kurmi, amma ba ya faɗin tsawon bango. Sai an je da tef da littafi. Inda gini ya rushe, harsashinsa yana ba da faɗi da tsawo. Inda hoto kaɗai ya rage, akan ƙirga bulo ko fallen kwano, ko a ɗauki tsawon ƙofa a auna sauran da shi. Kafin a fara awo a gai da sarkin gari da sarkin zango, a faɗa musu abin da ya kawo mutum. Baƙon da aka gani yana auna ƙasar reluwe da tef ba tare da sallama ba, nan da nan za a ce filin ya zo saye ko ƙarfe ya zo sata.

Maganar ƙarfen nan ba za mu tsallake ta ba. Ana yanke dogo da dare ana sayarwa a kan sikeli, kuma kowa ya san cewa sana'ar tsohon ƙarfe tana hannun 'ya'yan zango da yawa. Mafi yawansu halal suke nema, mun shaida. Amma wanda aka kawo wa guntun dogo ya san ba daga juji aka tsinto shi ba. A jikin dogo akan ga sunan masana'antar da ta yi shi da shekarar da aka yi shi, kuma da wannan rubutu ake gane lokacin da aka shimfiɗa ko aka sabunta wani yanki. Ranar da ya shiga tukunyar narkarwa, shaidar ta tafi.

Abin da ya fi damunmu shi ne namu tarihin. Duk mai karanta waɗannan rahotanni zai ga tan na koko da tan na katako, zai ga sunayen injiniyoyi Turawa, amma mutanen zango sai dai a ƙarƙashin kalmar leburori. Alhali dogo ya juya harkar kakanninmu gaba ɗaya. Da can fatake kan ɗauki goro a kan jakuna daga Salaga, su yi watanni kafin su isa Kano. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da zuwan dogo, sai goro ya juya kudu: a sauke shi a bakin teku, jirgin ruwa ya kai shi Ikko, daga nan kuma jirgin ƙasa, wanda ya isa Kano a 1911, ya ƙarasa da shi. Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka yi arziki ta wannan hanya ta ruwa. Ƙasar Akim tana da goro, kuma zangunan Oda da Kade da Akwatia sun tara Hausawa da Zabarmawa da Mosawa da Yarabawa, masu fataucin goro da mahauta da masu tonon lu'ulu'u. Sai ga dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a watan Nuwamba na 1969, wadda ta ba marasa takardar zama mako biyu su bar ƙasar. Da yawa daga cikin waɗanda suka san tashoshin nan ciki da waje sun tafi ke nan, da labarinsu da hotunansu. Yaron da yake da shekara 15 a 1957 yau ya haura tamanin.

Saboda haka hira da dattawa ita ce aikin da ba ya jira. Mun lura cewa idan aka ce wa tsoho "Baba, ba mu tarihin jirgi", sai ya ce ai an daɗe, ya manta. Amma a shimfiɗa masa zanen tashar a tabarma a ce "Baba, a ina kuke ajiye huhun goro kafin jirgi ya iso?", nan take zai sa yatsa, ya ƙara da inda mai tuwo take zama da inda ake alwala. Iyayenmu mata da suka yi talla a tasha sun fi maza riƙe lokutan jirage, tunda cinikinsu a kansu ya rataya. Duk da haka ba ma ɗora kome a kan tebur sai mun ji shi daga bakin mutum biyu da ba a zaune tare suke ba, ko baki ɗaya da takarda ɗaya. Tsufa kan haɗa tashar Oda da ta Nsawam a wuri guda, kuma ba laifin kowa ba ne.

Muna roƙon masu karatu, musamman na Oda da Kade da Akwatia da Fosu da Achiasi, su duba tsofaffin akwatunan gida. Tsohon tikiti, takardar lodin kaya, katin aikin reluwe, hoton biki da aka ɗauka a gaban tasha, ko littafin lissafin goro da aka rubuta da ajami, duk muna so. Ba za mu karɓe wa kowa kayansa ba. A sanar da editan wannan shafi, mu za mu zo har gida mu ɗauki hotonsu a gaban mai su, mu rubuta sunan wanda ya ba da su idan ya yarda. Abin da muke nema ido rufe a yanzu shi ne hoton tankin ruwan Achiasi ta gefen da jirgi ke tsayawa ya sha, domin shi ne abu na gaba da ɗalibai za su yanka.