Agogon Sitirontiyam: Mai Auna Lokaci, Mai Auna Tudu

Duk ranar Alhamis kasuwar dabbobi ta Maigatari kan cika maƙil da fatake daga Damagaram, Kano da Kudu. Direban tirelar da zai kwashi shanu ya buɗe taswirar wayarsa, nan take ta nuna masa inda yake. Wannan aikin agogon ƙwayar zarra ne da ke cikin taurarin ɗan'adam na GPS. Wayar na lissafa tsawon lokacin da saƙonsu ya ɗauka kafin ya iso. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na sakan kaɗai zai kauce da direban mita 300.

Tun 1967 duniya ta amince cewa sakan guda shi ne kaɗawa 9,192,631,770 na igiyar da ƙwayar sinadarin sisiyam ke amsawa. A 2001 Hidetoshi Katori na Jami'ar Tokyo ya kawo shawarar da ta zarce wannan: a koma ga sinadarin sitirontiyam, wanda haskensa ke kaɗawa kimanin sau tiriliyan 429 a sakan. Ma'auni kuwa iya yawan tsagarsa, iya ƙwarewarsa.

Wahalar ita ce ƙwayoyin zarra ba sa zama wuri ɗaya. Sai a tare su da shuɗin hasken leza ta kowace fuska, a bi da ja, har sanyinsu ya kusa ƙurewar sanyi, wato digiri 273 ƙasa da sifili. Daga nan a saƙa raga ta haske, dubban ƙwayoyi su zauna cikin gurabenta kamar ƙwai a kiret. Hikimar Katori ita ce gano tsawon igiyar haske, nanomita 813, wanda ke riƙe ƙwayoyin ba tare da ya gurɓata bugunsu ba.

A cibiyar JILA da ke Kolorado a Amurka, ayarin Jun Ye ya gina irin wannan agogo da ba zai ɓatar da sakan guda ba cikin shekaru biliyan 30. Ya kai har yana jin abin da Einstein ya faɗa, cewa lokaci ya fi sauri a tudu fiye da kwari. A 2020 Katori ya wallafa sakamakon auna haka a hasumiyar Skytree ta Tokyo, tsakanin ƙasa da bene mai nisan mita 450. A 2022 Ye ya gano bambancin a tazarar milimita ɗaya tak. Ana shirin sake fassara sakan da irin waɗannan agogai wajen 2030.

A nan batun ya shafe mu. Ƙasar Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar shimfiɗaɗɗiya ce; 'yan santimita ke raba gonar da ruwa zai kwanta da wadda zai wuce. Agogon da ke bambance tudun santimita ɗaya zai iya gyara taswirorin da ake tsara magudanai da hanyoyi a kansu. Kafin ya bar ɗakin bincike ya iso fili, wajibi ne mu tanadi masu karanta shi. Kwalejin Ilimi ta Gumel ce ke yaye malaman makarantunmu. A wadata ɗakunan gwajinta na fiziks, domin daga hannun malaman da take yayewa yaranmu za su fara sanin haske da lissafinsa.