Hasken Rana da Makomar Wutar Lantarki a Arewacin Najeriya

A ƙarshen watan Oktoban 2024, yawancin jihohin Arewa sun kwashe sama da mako guda cikin duhu. Ɓata-gari sun karya turakun babban layin wutar da ya taso daga Shiroro zuwa Mando a Kaduna, a cikin dajin da ma'aikata ba sa iya shiga gyara sai da rakiyar sojoji. Layin da ya rage, wanda ya fito daga Ugwuaji a jihar Inugu ya biyo ta Apir zuwa Jos, shi ma ya samu matsala. Injinan niƙa suka tsaya, masu walda suka naɗe hannu, ƙanƙara ta yi tsadar da mai sayar da zoɓo ba ya iya saye. Wanda duk aka ga haske a gidansa a kwanakin nan, ko dai mai ƙarfin sayen fetur ne, ko kuma mai sola a kan rufi.

Asalin matsalar ya girmi wannan ɓarna. Kusan kashi 80 cikin ɗari na wutar da ke shiga babban layin ƙasa daga iskar gas ake samar da ita, kuma manyan tashoshin gas ɗin, irin su Egbin a Legas da Afam a Ribas, a kudu suke. Ragowar daga ruwa take zuwa: Kainji da aka kammala a 1968, Jebba a 1985, Shiroro a 1990, sai Zungeru mai megawat 700 da ta shigo daga baya. Ke nan Kano da Katsina da Sakkwato da Maiduguri duk a ƙarshen doguwar waya suke zaune. In aka haɗa gaba ɗaya, abin da ake rabawa a rana bai cika wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200.

A daidai wannan lokaci kuwa duniya tana sauya hanyar samar da wuta. A 2023 makamashin da ba ya ƙarewa, wato rana da iska da ruwa, ya haura kashi 30 cikin ɗari na lantarkin duniya. Ranar 30 ga Satumban 2024 Birtaniya, inda aka fara ƙona kwal don samar da lantarki, ta rufe tasharta ta kwal ta ƙarshe. Tsoron ɗumamar yanayi ne ya soma tura gwamnatoci, amma kasuwa ce ta ɗauki ragamar: tsakanin 2010 da 2020 farashin farantin sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari, musamman saboda yawan abin da masana'antun ƙasar Sin ke ƙerawa. Najeriya ma ta yi alƙawari a taron Glasgow na 2021 cewa za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060. Sai dai buƙatarmu ta bambanta da tasu. Su suna maye gurbin wutar da suke da ita da wadda ta fi tsabta. Mu wutar ce babu, kuma Allah ya sa mafi araharta a yau ita ce wadda ya wadata mu da ita.

Jama'a ba su jira gwamnati ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sannan aka ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin Band A, wato waɗanda suka fi samun wuta, zuwa naira 225 a kowane yunit a Afrilun 2024, lissafi ya juya. Dubi mai cajin waya a bakin kasuwa: da janareta ce ke ruri a bayan shagonsa tun safe, yanzu faranti biyu ne a kan kwano, da batir a ƙarƙashin teburi, wayoyi sun jeru kowace da lambarta. Manomin rani a fadama ya ajiye injin ban ruwa mai shan fetur ya sayi mai aiki da rana, masallatai da asibitocin ƙauye da rijiyoyin burtsatse duk sun bi sahu. Jami'ar Bayero ta samu tashar sola mai megawat 7.1 tun 2019.

Wannan ci gaba ne na gaske, amma yana da iyaka, kuma iyakar ce ke damuna. Faranti ya yi araha, batir da inbata ba su yi ba, don haka mai hali ne ke fita daga duhu, talaka kuwa ya zauna yana jiran a kawo wuta. Jabun kaya sun cika kasuwa, batir ya mutu kafin shekara ta zagayo. Ƙurar hunturu tana rage ƙarfin faranti in ba a goge shi, kuma kaɗan ne daga cikin masu haɗawa suka samu horo na ƙwarai. Babban abin shi ne solar kan rufi ba za ta tayar da masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa na Kano ba. Masaƙa da injin casar shinkafa manyan tashoshi suke buƙata.

A nan ne muka gaza. A 2016 gwamnatin tarayya ta sa hannu da kamfanoni 14 kan gina tashoshin sola da jimillarsu ta haura megawat 1,000, yawancinsu a Arewa. Aka shiga jayayya kan farashi da kuma lamunin da masu zuba jari suka nema na cewa za a biya su, shekaru suka shige ba a ga wutar ba. Tashar iska ta Lambar Rimi a Katsina, mai megawat 10 kacal, wadda marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya faro yana gwamna, ta ci fiye da shekaru goma ana jan aikinta, har da sace injiniya Bafaranshe da ke aikin a 2012. Tashar sola ta Kumbotso a Kano da aka buɗe a Janairun 2023 ita ma megawat 10 ce, a birnin da ke buƙatar ɗaruruwa. Rana ba ta taɓa yankewa ba. Abin da ke korar mai jari shi ne rashin tabbacin wanda zai sayi wutar ya biya a kan lokaci, tunda kamfanonin rarraba wuta kansu bashi ya yi musu katutu.

Gaskiya ne rana tana faɗuwa daidai magariba, lokacin da kowane gida ke kunna fitila da fanka. Amma madatsun ruwanmu suna iya riƙe ruwa da rana su sake shi da dare, manyan batura suna ta sauka a farashi, kuma gas ɗin bututun Ajaokuta zuwa Kano zai cike giɓin in an kammala shi.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗanɗana kuɗar dogaro da waya guda. A da, wajen kashi 70 cikin ɗari na wutarsu daga Najeriya yake zuwa, aka yanke shi bayan juyin mulkin Yulin 2023, kuma tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 a kusa da Yamai ce ta rage musu raɗaɗi.

Dokar Lantarki ta 2023 ta bai wa kowace jiha ikon samar da wuta da rarraba ta da kafa hukumar da za ta kula da kasuwarta. Don haka uzurin jiran Abuja ya ƙare. Gwamnonin Arewa su haɗa kai, su ware filaye kusa da unguwannin masana'antu, su fara biyan kuɗin wutar ma'aikatunsu ba tare da bashi ba, su kuma bai wa masu jari lamunin da zai sa su gina manyan tashoshin sola a Kano da Katsina da Jigawa da Borno kafin a sake karya wani turken.