Mai ƙidaya ya iso ruga: a fito ko a ce mai gida ba ya nan?

 Ga abin da muka tattauna a wannan makon, don wanda shirin ya wuce shi yana daji da shanu ko yana bisa lori da kaya.

Tambayar ita ce: idan wani ya zo ƙofar gidanka ko rugarka da 'yar kwamfuta a hannu, ya ce daga hukumar ƙididdiga yake, yana son sanin ku nawa ne, ina kuke ɗebo ruwa, yara nawa ke zuwa makaranta, amsa masa za ka yi ko kuwa za ka sa yaro ya ce ba ka nan? Da yawa cikinmu na biyun muke yi. Akwai dalili, kuma za mu zo kansa. Amma bari mu fara da abin da ake yi da amsar.

Ƙidayar jama'a da gidaje ta ƙarshe a Gana an yi ta a 2021. Daren 27 ga Yuni shi ne daren ƙidaya, wato duk inda mutum ya kwana a daren nan, nan ake lissafa shi, ɗan ƙasa ne ko baƙo. Har masu kwana a tasha da bakin kanti an bi su. Aka samu mutum miliyan 30.8 a ƙasar, Jihar Ashanti ta tashi da miliyan 5.4, ita kuwa ƙaramar hukumarmu ta Oforikrom, wadda aka yanke daga Kumasi a 2018, ta ɗan haura mutum dubu 213. Wannan lissafin ba don ado aka yi shi ba. Tsarin mulkin 1992 ya ce a ware abin da bai gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa ba a raba wa ƙananan hukumomi, kuma cikin abin da ake dubawa wajen rabon akwai cunkoson jama'a da ƙarancin asibiti da makaranta da ruwan sha. To ka ga, gidan haya mai ɗaki goma sha biyu a zango, idan mutum arba'in ke kwana ciki aka rubuta goma sha biyar, famfon mutum goma sha biyar za a yi wa lissafi. Sauran ashirin da biyar ɗin suna nan, suna layi da bokiti da asuba, takarda ce kawai ba ta san da su ba.

Yanzu dubi inda muke ɓacewa. A babban jadawalin ƙabilu na 2021 akwai Akan, Mole-Dagbani, Ewe, Ga-Dangme, Gurma, Guan, Grusi da Mande. Daga nan sai layi na ƙarshe, na "sauran ƙabilu", kashi 1.6 cikin 100. Bahaushe da Bafulatani da Bazabarme ba su da babban layi nasu. Baƙi kuma, waɗanda suka ce su ba 'yan Gana ba ne, sun tashi kusan kashi 1 cikin 100, alhali a 2010 kashi 2.4 ne. Ni dai a ganina wannan raguwar ba ta rasa nasaba da masu ɓuya da masu sauya amsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a mayankar Kaase da safe ya ga tirelolin shanu na saukewa, ya san akwai jama'a mai yawa a bayan wannan sana'a. Sai dai sani na ido ba ya shiga kasafin kuɗi. A 2017 an yi dokar Asusun Raya Zango, aka ma buɗe ma'aikata ta musamman, wadda aka rushe a 2021. Duk mai riƙe da irin wannan asusu, abu na farko da zai nema shi ne: zango nawa, mutum nawa, me suka rasa? Ruga kuwa ba ta ma cikin wannan zance.

Ba mu kaɗai ke cikin wannan hali ba. A Turai akwai wata al'umma da ake kira Roma, waɗanda kakanninsu suka fito daga arewacin Indiya shekaru aru-aru da suka wuce. An san su da tafiye-tafiye da ƙira da cinikin dawakai da kiɗa, ko da yake yau mafi yawansu a zaune suke wuri ɗaya. Ana ƙiyasta su miliyan 10 zuwa 12, su ne 'yan tsiraru mafi yawa a nahiyar. A ƙidayar Romaniya ta 2011, mutum dubu 621 da ɗoriya ne suka ce su Roma ne, amma Majalisar Turai tana ƙiyasta sun kai miliyan 1.85. Kusan biyu cikin uku ke nan suka ƙi faɗa, ko ba a iske su ba. Kun ji abin ya yi kama da namu ko?

Tsoronsu yana da tushe. Tun 1899 'yan sandan birnin Munik na Jamus suka buɗe ofishi na tara sunayen Roma. Da 'yan Nazi suka hau mulki, irin waɗannan takardu suka taimaka wajen kamo su, aka hallaka ɗaruruwan dubbai. Kuma ba tsohon labari ba ne kawai: a 2013 wata jarida a Suwidin ta tona cewa 'yan sanda a kudancin ƙasar suna riƙe da jerin sunayen mutum sama da 4,000, akasarinsu Roma, har da ƙananan yara. Daga baya kotu ta sa gwamnati ta biya diyya.

Namu tushen kuma kun fi ni saninsa. Dattawan Fulani ba su manta jangali ba, lokacin da ƙirga saniya yake nufin biyan kuɗi a kanta, har makiyayi ya kore rabin garke cikin daji kafin malamin haraji ya iso. A Kano sai 1979 gwamna Abubakar Rimi ya soke shi. Ga kuma al'ada: ba a tambayar Bafulatani shanunsa nawa, kamar yadda ba a tambayar ɗan kasuwa jarinsa. Nan Gana, ƙidayar 1960 ta nuna baƙi sun kai wajen kashi 12 cikin 100. Ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fita. Zangunan Kumasi sun ga abin da suka gani: an sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, wasu da aka haifa a nan suka hau lori zuwa ƙasar da ba su taɓa gani ba. Ku ƙara da rikicin Agogo da harbin shanu, da mayar da mutanen da suka gudo daga Burkina Faso a Yulin 2023, wanda Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna damuwa a kai. Wanda ya ga waɗannan, in ya ga baƙo da takarda ya yi shiru, ba wauta ya yi ba.

Amma fa ga inda nake so ku tsaya ku duba da kyau. Masu zuwa da takarda ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai rajista, irin na katin Gana, shi sunanka da hotonka da yatsanka yake so, don ya tabbatar wane ne kai. Akwai mai haraji da jami'in shige da fice, su kuma abin da ke kanka suke bi. Mai ƙididdiga aikinsa daban: amsarka zai zuba cikin ta dubban mutane, abin da zai fita shi ne "kashi kaza na gidajen unguwa kaza ba su da bayan gida". Dokar Hukumar Ƙididdiga ta Gana ta 2019 ta hana a fitar da amsar mutum ɗaya yadda za a gane shi, ma'aikatan kuma rantsuwa suke yi a kan haka. Ita dokar ta wajabta amsawa ma. A ƙidayar 2021 ba a nemi katin Gana ko fasfo kafin a lissafa mutum ba. Idan wani ya zo da sunan ƙididdiga ya ce ka kawo katinka ya ɗauki hoto, ko ka ba da kuɗi, to ka san akwai magana.

Abin da Turawa suka koya a kan Roma shi ne, ƙidayar gama-gari kaɗai ba ta isa ba. Sai hukumar kare haƙƙin jama'a ta Tarayyar Turai, mai ofishi a Biyana, ta shiga yin bincike na musamman. Ba kowa ake tambaya ba, ana zaɓar gidaje ne kamar yadda mai sayen masara yake soka hannu cikin buhu ya ɗebo ya duba. Ba jami'i ne zai kalle ka ya rubuta ƙabilarka ba, kai za ka faɗa da bakinka. Sakamakon 2016, daga ƙasashe tara da mutum kusan 8,000, ya nuna kashi 80 cikin 100 na Roma suna ƙarƙashin layin talauci na ƙasarsu, alhali a jama'ar Tarayyar baki ɗaya kashi 17 ne. Kusan ɗaya cikin uku ba su da ruwan famfo a gida. Da irin waɗannan alƙaluma aka rubuta shirin 2020 zuwa 2030, mai cewa a rage tazarar talauci da aƙalla rabi. Shin talaucin ya tafi? Bai tafi ba, binciken 2021 ya sake samun kashi 80 ɗin nan. Sai dai yanzu babu ministan da zai tashi ya ce komai lafiya, don ga lamba a gabansa, kuma su Roma ɗin suna da abin da za su buga a tebur. Mu idan Sarkin Fulani ya je gaban hukuma ya ce yaranmu ba sa makaranta, aka ce masa yara nawa, me zai ce?

Ku 'yan kasuwar kan iyaka, an riga an fara da ku. A ƙarshen 2024 Hukumar Ƙididdiga ta sa mutane a hanyoyin da kaya ke bi ba ta kwastan ba, tsakanin Gana da Togo da Burkina Faso da Kwaddibuwa, suna rubuta irin kaya da kimarsu. A wata ukun ƙarshe na shekarar kaɗai cinikin ya kai sidi biliyan 7.4. Wani zai ce ai sun gano hanya, gobe sai shinge. Wannan fargaba ce ta gaskiya, ban kuma ce ku yar da ita ba. Amma wannan lamba ita ce hujjar da ƙungiyar 'yan albasa ko ta dillalan shanu za ta riƙe ta ce: cinikin da ya kai haka ya cancanci hanya mai kyau, da wurin sauke dabbobi mai ruwa, da rage shingayen da ake tatsar direba tsakanin Paga da Kumasi.

Batun dabbobi ya fi wuya, don saniya ba ta da adireshi. Nijar ta gwada tsakanin 2005 da 2007: ta ƙirga dabbobin gida daban, na makiyaya masu yawo daban, na masu tafiyar kiwo ta shekara-shekara daban, aka samu kai sama da miliyan 31. Da irin wannan lissafi ake sanin allurar ciwon huhu nawa za a saya, da inda za a haƙa rijiya a kan burtali. Takardar ƙetare iyaka da dabbobi ta ECOWAS, wadda aka amince da ita a Abuja a 1998, ita ma lissafi ce: yawan garke, allurar da aka yi, hanyar da za a bi. Ita kam da sunanka take, saboda haka ta shiga sahun rajista, kada ku haɗa su.

To idan mai ƙidaya ya iso, shawarata ita ce ku fito, amma ku fito da tambaya. Ya nuna katin aikinsa. Ya faɗi hukumar da ta aiko shi da abin da za a yi da amsar. A ruga, a kira arɗo ko wani dattijo ya zauna, a samu mai jin Fulatanci, don tafinta na kan hanya yakan mai da "muna sha a rafi" ya koma "akwai ruwa". A lissafa kowa: almajirin da ke kwana a zaure, yarinyar da ke dako a Kejetia, yaron da ya tafi da shanu da asuba amma a gida ya kwana. Mata su amsa abin da ya shafi haihuwa da kansu, mai gida ba komai ya sani ba.

Su kuma sarakunan zango da shugabannin makiyaya, aikinsu yana gaba da zuwan mai ƙidaya. Idan aka bi tsarin shekara goma, ƙidaya ta gaba za ta faɗo wajen 2031, kuma tambayoyin ana tsara su ne shekaru kafin nan. Yanzu ne lokacin neman a fitar da alƙaluman Hausawa da Fulani da Zabarmawa a fili maimakon a dunƙule su, a ɗauki 'ya'yanmu masu karatu aikin ƙidaya, a kuma duba watan da za a yi ta, don inda garke yake a Yuni ba nan yake a Janairu ba. Bayan an gama kuma a dawo a karanta mana sakamakon unguwarmu da Hausa, a masallaci ko a nan rediyo.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki takardar ECOWAS ɗin nan layi-layi: inda ake karɓarta, da abin da jami'i yake da ikon tambaya a bakin iyaka. Ku aiko da tambayoyinku kafin ranar Laraba.