Na'urar Kashe Wari: Abin Da Masu Talla Ba Sa Faɗa

Daga Kazaure zuwa Babura, Roni da Gwiwa, duk wanda ya taɓa zama a ɗakin kwanan ɗalibai ya san warin watan Agusta: katifa ta sha danshi, takalma sun ƙi bushewa, bango ya yi funfuna. A irin wannan lokaci ne tallar wata ƙaramar na'ura ke iske mu a waya. Wai a jona ta da wuta, ta kashe wari, ta tsabtace iska.

Abin da take fitarwa sunansa ozon. Mun san shi a darasin kimiyya: oksijin da muke shaƙa ƙwayoyi biyu ne a haɗe, ozon kuwa uku. Ta ukun nan ba ta da haƙuri. Tana ɓallewa ta far wa duk abin da ta tarar. Da haka take cin wasu abubuwa masu wari, da haka kuma take tsattsaga roba. Huhunmu fa bai fi roba tauri ba. Ozon na jawo tari, ƙaiƙayin maƙogwaro da ciwon ƙirji, yana kuma tayar da asma.

Wani zai ce, ai ozon ne ke kare mu daga hasken rana mai cutarwa. Haka ne, amma wancan yana can sama, nisan kilomita 15 zuwa 35. Ba a cikin hancin kowa yake ba.

Hukumar kare muhalli ta Amurka ta daɗe da yin gargaɗi: idan ozon bai wuce adadin da mutum zai iya shaƙa lafiya ba, ba ya wani aikin kirki wajen kawar da dattin iska. A 2007 jihar Kalifoniya ta kafa ƙa'idar hana sayar wa gidaje na'urar da ke fitar da fiye da kashi 0.05 cikin miliyan. Abin da ya fi damun mu shi ne ozon na dakushe hanci, sai mutum ya ɗauka warin ya tafi. Idan kuma ya haɗu da turaren fesawa mai ƙamshin lemo, yakan haifar da wasu sinadarai masu cutarwa. Ƙurar hunturu kuwa, ko gezau.

Wanda ya riga ya saya, kada ya kunna ta da mutum ko dabba a ɗaki, kuma ya bar tagogi a buɗe na tsawon lokaci kafin a shiga. Sauranmu, mu fitar da katifa rana, mu wanke safa, mu nemo inda rufin ke yoyo mu sanar da malamin da ke kula da ɗakin.