Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Sauya Sheƙa da Biyan 'Yan Ƙwallon Kwando a Jami'o'in Amurka

Wata safiya cikin hunturun Jos, irin sanyin nan da kan sa mutum ya ji kamar yatsunsa na aro ne, wani maƙwabcina direban tifa ya tare ni muna fitowa daga masallaci. Ya miƙo mini wayarsa. Wani ne ya turo masa saƙo ta WhatsApp, wai ya ga bidiyon ɗansa yana ƙwallon kwando, kuma zai samo masa gurbi a wata makaranta a Amurka. Yaron shekarunsa 16, amma in zai shiga ɗaki sai ya sunkuya. A ƙasan saƙon an rubuta cewa yanzu a can dala ake biyan ɗalibai 'yan wasa, abin da ya rage kawai uban ya tura kuɗin fom da na biza.

Ya ce, “Malam, tsakaninka da Allah, ana biyan ɗalibi don ya yi wasa?”

Na ce, “Ana biya, Alhaji. Amma kada ka saki ko kwabo sai mun zauna na warware maka.”

Abin da na warware masa a ranar shi nake son in shimfiɗa a nan, domin na san ba wayarsa kaɗai irin wannan saƙon ke shiga ba.

Kura da shan bugu

A wurinmu wasan jami'a wasa ne kawai. Ɗalibin Jami'ar Jos da ya je gasar NUGA, abin da zai dawo da shi lambar yabo ce da ɗan alawus. A Amurka kuwa kasuwa ce babba. Hukumar NCAA, wadda aka kafa a 1906, ita ke kula da wasannin jami'o'in, kuma a rukuni na ɗaya kaɗai akwai makarantu sama da 350 masu ƙungiyar ƙwallon kwando. Gasar da suke yi duk watan Maris ƙasar kan tsaya cak don kallonta. A 2010 gidajen talabijin na CBS da Turner suka sayi izinin nuna ta na shekara 14 a kan dala biliyan 10.8. Masu horarwa na kwasar albashin miliyoyi, jami'o'i na sayar da riguna da tikiti, su kuwa yaran da ke gumi a fili, a da doka ta ce kada su karɓi komai sai karatu kyauta da abinci da wurin kwana. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

A wannan tsarin Hakeem Olajuwon ya yi wasa. Ya bar Legas ya tafi Jami'ar Houston a 1980, ya kai ta wasan ƙarshe a 1983 da 1984, bai ga albashi ba sai da aka ɗauke shi a gasar ƙwararru ta NBA a 1984.

Wanda ya fara tsinka igiyar shi ne Ed O'Bannon, wanda ya ci kofi da jami'ar UCLA a 1995. Bayan ya bar wasa ya koma sayar da motoci, sai wata rana a gidan wani abokinsa ya ga kansa a cikin wasan bidiyo: tsayinsa, lambar rigarsa, har da hannun hagun da yake jefa ƙwallo da shi. Ba wanda ya nemi izininsa, ba wanda ya ba shi sisi. Ya shigar da ƙara a 2009, kotu ta ba shi gaskiya a 2014. A watan Yunin 2021 Kotun Ƙolin Amurka, alƙalanta tara baki ɗaya, ta yanke hukunci a kan NCAA a wata shari'ar da ake kira ta Alston. Kwana goma bayan haka, ranar 1 ga Yuli, hukumar ta sakar wa 'yan wasa mara: kowa na iya cin kuɗi da sunansa da hotonsa da kamanninsa, abin da suke taƙaitawa da NIL. Sai kuma a Yunin 2025 kotu ta amince da wani sulhu da ya tanadi kusan dala biliyan 2.8 na diyya ga 'yan wasan da aka hana a baya, ya kuma ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta har dala miliyan 20.5 a shekarar farko, kai tsaye daga aljihunta.

Kasuwar sauya sheƙa

Kuɗi bai zo shi kaɗai ba, tare suka iso da 'yancin tashi. A da, ɗan ƙwallon kwando da ya bar jami'arsa ya koma wata sai ya yi shekara guda a benci kafin ya taka fili. A Oktoban 2018 aka buɗe wata rajista a intanet inda mai son tashi zai sa a shigar da sunansa, masu horarwa na ko'ina su gani su neme shi. A 2021 aka ce sauyin farko ba zaman benci. A 2024, bayan kotu ta sa baki, aka cire iyakar gaba ɗaya ga duk wanda karatunsa ke tafiya daidai. A 2025 maza sama da 2,000 ne daga rukuni na ɗaya suka shiga wannan rajista.

Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar Farin Gada da sassafe ya san yadda ake yi da kwandon tumatir: a ɗaga, a duba, a taya, dillali ya ci la'adarsa. To haka ake yi da 'yan wasa duk ƙarshen kaka. Wanda ya haskaka a ƙaramar jami'a, babba za ta zo ta ninka masa farashi. Wannan alheri ne ga yaron da a da koci ke riƙe da wuyansa. Sai dai wuƙar baki biyu gare ta. Daga ranar da sunanka ya shiga rajistar, makarantarka na da ikon janye tallafin karatunka a ƙarshen zangon, kuma ba kowa ke samun mai taya shi ba. Wanda ya samu ma, sau da yawa sabuwar jami'ar ba ta karɓar dukan darussan da ya ci a tsohuwar. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce kaka huɗu ta wasa cikin shekara biyar. Yaro na iya zaga jami'a uku, lokacinsa ya ƙare, ya waiwaya ya ga ba digiri ba ƙungiya.

Jos ta san wannan ciniki

Mu mutanen Jos ba baƙi ba ne a cinikin 'yan wasa, sai dai ta ƙofar ƙwallon ƙafa muka san shi. Garin Mighty Jets da Plateau United ne. A nan aka haifi Ahmed Musa, ya bi ta makarantar ƙwallo ta GBS da ƙungiyar JUTH da Kano Pillars kafin ya tafi VVV-Venlo ta Holan a 2010. A nan aka haifi Moses Simon. A nan kuma aka haifi Mikel Obi a 1987, kuma labarinsa ne ya fi dacewa da iyaye su riƙe.

A watan Afrilun 2005, 'yan kwanaki bayan ya cika shekara 18, aka nuna Mikel sanye da rigar Manchester United, wai ya sa hannu daga ƙungiyar Lyn ta Norway. Chelsea ta ce da ita aka yi alkawari. Shi kuma ya ce matsa masa aka yi ya sa hannu ba wakilansa a wurin. Aka yi shekara guda ana ja-in-ja, sai a Yunin 2006 Chelsea ta biya fam miliyan 16, Manchester United ta karɓi 12, Lyn ta karɓi 4. Daga baya kotu a Norway ta sami wani shugaban Lyn da laifin yin takardun jabu. Mikel ya tsallake saboda baiwarsa ta kai manya su yi faɗa a kansa. Yaran da suka sa hannu a irin wannan takarda ba mai faɗa a kansu, ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba.

Akwai kuma wani bambanci. A ƙwallon ƙafa dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasashe ga ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. A wasannin jami'o'in Amurka ba a sayen ɗan wasa daga hannun kowa, don haka ba wani kaso da ke komawa gida. Kocin da ya koya wa yaro riƙe ƙwallo a filin siminti, ko ƙungiya irin Plateau Peaks ta maza da Plateau Rocks ta mata, ba abin da doka ta tanadar musu. Garin da ya ga yadda aka kwashe kuzarsa aka bar masa ramuka ya kamata ya gane wannan lissafin tun kafin a yi masa bayani.

Inda gizo ke saƙar

Yanzu mu dawo kan dalar. Da farko, dala miliyan 20.5 ɗin nan iyaka ce, ba tilas ba, kuma ta dukan wasannin jami'ar ce. A manyan jami'o'i kaso mafi tsoka na tafiya ne ga ƙwallon zari-rugar Amurka. Ƙananan makarantu da yawa ba su da abin rabawa. Miliyoyin da ake yayatawa na 'yan tsirarun taurari ne, kuma su ma akwai haraji da la'adar wakili a kai.

Na biyu, wanda ya fi shafarmu, shi ne biza. Ɗanmu da bizar ɗalibi ta F-1 yake shiga, ita kuwa ba ta yarda da aikin kuɗi a wajen makaranta ba sai da izini na musamman. Tallan da abokin wasansa Ba'amurke zai yi ya karɓi kuɗinsa, shi in ya yi a cikin ƙasar yana iya jawo a soke masa takardun zama. Oscar Tshiebwe ɗan Kwango, wanda ya sauya sheƙa daga West Virginia zuwa Kentucky ya zama gwarzon ɗan wasan jami'o'i a 2022, sai da ƙungiyarsa ta je wasa tsibiran Bahamas sannan ya samu ya yi tallace-tallacensa, domin can ba ƙasar Amurka ba ce. In gwarzon ƙasa gaba ɗaya sai ya yi wannan zagaye, ina ga wanda ya sauka jiya? Ita kanta bizar ta ƙara wuya. A Yulin 2025 Amurka ta rage yawancin bizar 'yan Najeriya zuwa wata uku da shiga sau ɗaya, a Disambar shekarar kuma ta sa Najeriya cikin ƙasashen da ta taƙaita wa wasu nau'o'in biza, har da ta ɗalibai. Duk dillalin da ya ce biza na aljihunsa, a je a ji daga bakin ofishin jakadanci a Abuja.

Na uku, NBA 'yan wasa 60 take zaɓa a shekara daga duk duniya. Solomon Alabi, wanda ya tashi a Zariya ya yi Jami'ar Florida State, ya shiga cikin waɗannan 60 a 2010, amma kaka biyu kawai ya yi a ƙungiyar Toronto Raptors. Masai Ujiri, shi ma tashin Zariya, a wata ƙaramar kwalejin shekara biyu ya fara a jihar Dakota ta Arewa, kuma bai taɓa buga wasa ko ɗaya a NBA ba. Da kai ya shiga, ba da tsalle ba, har ya zama shugaban Toronto Raptors lokacin da ta ci kofi a 2019. Gwiwa na iya tsinkewa a dare ɗaya, abin da ke cikin kai kuwa tare za a tsufa.

Kafin a sa hannu

Uban da aka kawo wa irin wannan tayi, ya fara da neman cikakken sunan makarantar, ya sa wani mai ilimi ya rubuta mata kai tsaye ta adireshinta na ainihi. Makarantar gaske ita ke fitar da takardar I-20, kuɗin biza kuma ta hanyar da ofishin jakadanci ya tsara ake biya, ba asusun wani mutum ba. Ya tambaya tallafin na shekara nawa ne, domin da yawa na shekara ɗaya ne da ake sabuntawa. Wa zai biya asibiti in yaro ya ji rauni? A gidan wa zai kwana lokacin hutu? Jaridun Amurka sun sha kawo labarin yaran Najeriya da aka kai wasu makarantun sakandare na jeka-na-yi-ka, aka jibge su a gida ɗaya ba abincin kirki, fasfo kuma yana hannun wani.

Kada a rage wa yaro shekaru, don ranar da aka gano tallafin da bizar tare za su tafi. Kada a yi wasa da sakamakon WAEC, domin hukumar NCAA sai ta duba takardun sakandare kafin ta bar ɗalibi ya shiga fili. Duk takardar da ta ba wakili kaso daga abin da yaro zai samu nan gaba, a kai wa lauya ya karanta, ko da za a sayar da akuya a biya shi.

Maƙwabcin nawa ya bi shawara. Ya rubuta wa mutumin cewa ya turo sunan makarantar da lambar kocinta. Amsar da ta dawo ita ce gurbin zai wuce in ba a biya kafin Juma'a ba. Ya sake tambaya, daga nan shiru.

Kwanakin baya na wuce filin da yaran unguwa ke wasa da yamma. Allon kwandon ya tsage, ragar ta daɗe da zubewa, saura zoben ƙarfe. Na hango dogon nan ya fi kowa, jakar makarantarsa a jingine da ƙarfen. Uban na zaune a kan dakali yana kallo. Da ya gan ni ya ɗaga murya ya ce, “Malam, na ce masa ya kawo mini kiredit a Turanci da lissafi tukuna. Amurka ba gudu za ta yi ba.”