Makullin Da Ba Ya Barin Kwamfutarka

Tun ranar 13 ga Agusta, 2021, GitHub ya daina karɓar kalmar sirri daga masu tura masa aiki ta Git. Cikin hanyoyin da suka rage, wadda na fi yarda da ita ga mai rubuta manhaja ita ce makullin SSH.

Shi dai Git, Linus Torvalds ne ya rubuta shi a 2005, bayan masu gina Linux sun rasa damar amfani da BitKeeper kyauta. Aikinsa ajiye tarihin kowane gyara: wa ya yi, yaushe, me ya canza. Shi ya sa da zarar ka girka shi, sai ka fara gaya masa sunanka da imel ɗinka ta umarnin git config.

SSH ya girme shi da shekara goma. Tatu Ylönen, ɗan ƙasar Finland, ya ƙirƙiro shi a 1995, bayan an yi satar kalmomin sirri a hanyar sadarwar jami'arsu. Idan ka buga ssh-keygen -t ed25519, fayil biyu za su fito a jakar .ssh. Wanda sunansa ya ƙare da .pub kamar kwaɗo ne, kowa ya gan shi ba komai, kuma shi za ka kwafa ka liƙa a saitunan asusunka na GitHub. Ɗayan kuwa makulli ne. Duk sanda za ka tura aiki, kwamfutarka za ta sa hannu da shi, GitHub ya gwada sa hannun da abin da ka ba shi. Makullin kansa ba ya bin intanet ko sau ɗaya.

Inda mutane ke sakaci shi ne lokacin da ssh-keygen ya nemi jimlar sirrin da za ta kare makullin. Da yawa sukan wuce, don gudun wahala. Wannan ganganci ne, musamman a wurinmu da kwamfuta ɗaya kan bi hannaye da dama, ta kwana wurin mai gyara, wani lokaci ma a sace ta. Duk wanda ya kwafi wannan fayil babu kariya, ya samu ikon shiga aikinka da sunanka. Wahalar ma ba ta taka kara ta karya ba, domin ssh-agent yana riƙe maka makullin bayan ka buɗe shi, ba sai ka yi ta maimaita jimlar ba.

Kada wani ya ce shi ya ƙware. A Maris 2023, GitHub da kansa ya sanar cewa wani makullinsa na SSH ya fita fili na ɗan lokaci bisa kuskure, dole ya sauya shi.

Don haka kowace kwamfuta ka yi mata nata makullin, kada ka tura shi ta WhatsApp ko imel. Ranar da kwamfutar ta ɓata, ka shiga GitHub ka goge nata kafin ka fara cigiya.